Ɗanyen Kifi da Mai Duban Hayaƙi

Kawuna Tanimun, ƙanin mahaifiyata, mutum ne da wuyansa ya saba da kallon sama. In kuna tafiya da shi cikin gari kana yi masa magana zai amsa maka, amma idonsa na bisa rufin gidajen mutane. Baƙi kan ɗauka girman kai ne, wasu su ce ko wani abu ya taɓa shi. Babu ko ɗaya, hayaƙi yake dubawa.

A ƙauyenmu, can gefen Tajaye, aikin gidansu ke nan tun kakansa. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa rawani, ko goro ba a ba ka. Idan bazara ta tsananta, rumbuna suka fara amsawa in an ƙwanƙwasa su, mai duban hayaƙi kan hau tudun da ke bayan masallaci safe da yamma ya bi gidaje da ido. Gidan da ya kwana biyu hayaƙi bai tashi ba, an san abin da ke ciki. Sai ya bi masu hali a asirce, wannan ya ba da damin hatsi, wancan ya ba da kara ko icce. Shi kuma ya jira lokacin da mata suka tafi rijiya, maza suna sharar gona, ya jefa ta bisa danga ya wuce abinsa.

Ba a tambayar mai gida. Tambayar ma ba ta da amfani, don an san amsar: azumin nafila ake yi, ko uwargida ba ta jin daɗi, ko kuwa su dama sun fi son gumba ɗanya. Abin da ya fi komai nauyi shi ne kada mai gida ya san hannun da ya jefo. A zamanin mahaifin Kawu, wani magidanci mai suna Chindo ya dawo daga gona da wuri, ya yi kiciɓis da shi da dami a kai. Bai zage shi ba, bai gode masa ba. Kafin a yi shuka ya kwashe iyalinsa ya ƙetara Najeriya, har yau ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Da wannan labari aka yi renon Kawu, kuma ya shige shi har ƙashi.

Kamar kowane namiji mai ƙafa a ƙasarmu, in an gama girbi Kawu kan tafi cin rani, ya dawo kafin rumbuna su fara sauƙi. A shekarar 1972 ya bi taubashinsa Munkaila zuwa Abijan. Munkaila na aiki a gidan ƙanƙara na tashar jiragen kamun kifi, ya iya Faransancin titi, bakinsa kuma ba ya hutawa ko yana cin abinci. Shi ya samar wa Kawu kura, yana tura kifi daga bakin ruwa zuwa shagunan masu saye. Faransancin Kawu kuwa bai wuce wi da no da marsi ba, su ma ba kullum yake ajiye su inda ya dace ba.

Cikin masu sayen akwai wani gajeren dattijo mai furfura, mutumin Japan, sunansa Okabe. Ya yi shekaru yana kuku a jirgin ruwa, sannan ya sauka ya buɗe ɗan shagon abinci kusa da tashar, inda 'yan ƙasarsu ke cin abincin rana in jirginsu ya tsaya. Kawu ya so shi tun ganin farko, saboda yadda yake zaɓen kifi: ya latsa, ya shinshina, ya buɗe kunnen, ya dubi idon, kamar mai sayen ragon layya. Wata safiya Okabe ya manta wuƙarsa a cikin kura, naɗe a farin tsumma. Kawu ya yi nisa kafin ya gani, ya juyo ya mayar masa. Okabe ya karɓa da hannu biyu ya sunkuya. Kawu ya ga dattijo ya sunkuya masa, sai ya rusuna. Okabe ya ƙara sunkuyawa. Kawu ya kai gwiwa ƙasa. Da matar Okabe ba ta fito ta raba su ba, da su biyun sun kwanta a kan titi. Daga nan Okabe ya nuna rana a tsakiyar sama, ya nuna bakinsa, ya nuna ƙofar shago, Kawu ya gane an gayyace shi cin abinci gobe.

Washegari ya wanke rigarsa, ya ƙi karya kumallo, ya sassauta tazuge tun daga ɗaki. Ya ce wa Munkaila mutumin da ke sayen kifi mai girman ɗan maraƙi kullum, Allah kaɗai ya san irin tukunyar da ke gidansa.

Abin da ya fara ci masa rai labulen ƙofa ne. Gajere ne, bai kai ko ƙirji ba, kuma a tsage gida uku. Kawu ya kawar da kai kamar bai gani ba. Ciki kuwa ɗaki ne ƙarami, da dogon teburin katako, da kujeru bakwai a jere. Ma'aikatan jirgi huɗu na zaune, Okabe na tsaye a bayan teburin da ɗaurin kai. Matar ta kawo masa ɗan tsumma mai ɗumi a naɗe. Ya ga sauran sun goge hannu, shi kuma ya goge hannu, ya goge fuska, ya bi bayan kunnuwa da wuya, ya tsaya a nan don kunyar cire takalmi.

Aka kawo shayi kore, babu sukari, babu madara. Ya juya ƙoƙon ko sukarin ya kwanta a ƙasa, babu. Ya lura daga falas aka zubo shi, ya riƙe wannan a ransa. Maimakon cokali kuma aka ajiye masa tsinke biyu.

Sannan Okabe ya jiƙa hannu, ya ɗebo shinkafa da ba ta fi babban yatsa ba, ya dunƙula, ya yanko kifi siriri ya ɗora a kai. Ya yi guda biyu ya ajiye a gaban Kawu bisa wani ɗan allo, ya ce sunansa sushi. Kawu ya ce marsi, ya zauna yana jira a ɗauka a kai wuta. Ba wanda ya ɗauka. Ya dubi na kusa da shi, wani ƙato mai ƙirjin bijimi, ya ga ya jefa nasa a baki haka nan, ya lumshe ido, ya sunkuya wa Okabe yana godiya. Kawu ya san irin wannan godiyar. Ya taɓa ganinta a bakin magidanta da aka miƙa wa ludayin kunu a shekarar fari.

Ya yi bisimilla ya sa hannu, don tsinken ya fi ƙarfinsa. Okabe ya yi murna ƙwarai, ashe a wurinsu ci da hannu shi ne na masana. Shinkafar sanyi ƙalau, kuma ta fara tsami, wato ta jiya ce, wataƙila ma maƙwabta suka taimaka da ita. Kifin kuwa sulɓi ya yi masa a harshe, ya ƙi taunuwa ya ƙi haɗiyuwa, sai da ya rufe ido ya tura shi da shayi. A gefen allon akwai wani koren abu ɗan mitsitsi. Kawu ya ce a ransa to ga miyar, kuka ce, ita ke nan abin da ya rage musu. Don kada a ce ya raina, ya lakace ta duka da yatsa ya kai baki.

Ya sha gaya mana cewa barkono a baki yake faɗa, shi wannan abin hanci ya bi ya hau har tsakiyar kai, ya tsaya can yana neman hanyar fita. Hawaye suka ɓalle masa. Ma'aikatan jirgin suka yi ta tafi, Okabe ya miƙo hannu ya dafa masa kafaɗa. Rabin hawayen na koren abin ne, rabin kuwa na tausayi ne tsantsa, don a daidai lokacin aka ajiye masa wata shinkafar naɗe cikin baƙin ganye busasshe. Mutanen da suka kai ga cin ganye, Kawu ba ya bukatar a ƙara masa bayani.

A garinmu, in ka ci abinci a gidan da kake zargin babu, kana rage rabi don na cikin gida. Saboda haka duk biyun da aka ajiye, Kawu ya ci ɗaya ya ture ɗaya gefe. Okabe ya ɗauka wannan kifin bai yi masa ba, sai ya yanko wani iri. Kawu ya ci ɗaya ya bar ɗaya. Okabe ya goge zufa ya sake wani, ja, sannan fari, sannan wani mai ƙafafu da Kawu bai yarda kifi ba ne har ya mutu. Kafin a tashi an jera guda tara a gefen allo, mai gida na cikin damuwa, baƙo kuma zuciyarsa ta karye ganin talaka na yanka duk abin da ya mallaka don ya fita kunyar baƙo.

Da zai tafi ya nuna yana son wanke hannu, aka nuna masa bayan shago. Can ya yi abin da ya kai shi. Ya duba bango, babu baƙin hayaƙi. Ya duba ƙasa, babu toka, babu murhu, babu ko guntun gawayi. Ya juya wata tukunya ya ga fuskarsa a gindinta. Akwai wata farar tukunya mai igiya da ta shige bango, ya ɗauka an ɗaure ta ne don ɓarayi.

Da yamma ya zaunar da Munkaila ya gaya masa, murya ƙasa-ƙasa, bayan ya sa shi ya rantse. Munkaila ya yi dariya har ya faɗo daga kan benci.

"Kai taubashi, ba yunwa ba ta. Haka nan su ka cin abinsu. Ƙasarsu ko sarki ɗanye shi ka ci."

"Haka a ka cewa," in ji Kawu. "Gidan Chindo ma sun ce gumba sunka hi so."

Munkaila ya yi masa bayanin wutar lantarki, ya yi masa bayanin gas, ya ce mutumin nan yana da mota. Kawu ya ce mota ba ta dafa tuwo. Duk hujjar da aka kawo sai ta ƙara masa tabbaci, don ya san mai jin kunya ba ya rasa abin faɗa, kuma maƙwabta nagari su ke taya shi faɗa. Har ya yaba wa Munkaila da ya iya rufa wa mutum asiri.

A tashar akwai fasassun akwatunan katako da ake zubarwa. Kawu ya shiga tattara su yana faskarawa. Bayan azahar, in shaguna sun rufe, unguwar ta yi tsit kowa na barcin rana, sai ya turo kurarsa ta lungun baya, ya sauke dami a ƙofar Okabe, ya wuce yana kallon wani gefe. Lokacin hutunsa ke nan kaɗai a yini, ya ba da shi. Da safe kuma ya kai kifi kamar kullum, fuska ba yabo ba fallasa, yana satar kallon rufin shago.

Kwana uku babu hayaƙi. Iccen ma ya ɓace, don Okabe ya ɗauka maƙwabta ne suka mayar da ƙofarsa juji, ya sa an kwashe. Kawu ya ce abin ya kai sun sayar da iccen don su ci, sai ya ninka damin. Da ya ga shiru, ya yi tunanin ko murhun ne babu, ya ɗauko duwatsu uku masu kyau daga bakin ruwa ya jera su yadda ya kamata. Ya ƙara da ashana. Ya ƙara da kwalbar kananzir. Ya samo tsohuwar tukunyar ƙasa da ta sha wuta, don su ga yadda gindin tukunya ke zama a gidan da ake lafiya. Daga baya ya kawo garin masara, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa a ƙulle cikin ganye. Daddawar kaɗai ce ta shiga ciki. An ce Okabe ya shinshina ta, ya ce ta tuna masa da wani abu na garinsu.

Maƙwabciyarsu, wata mai sayar da soyayyar ayaba, ita ta fassara wa Okabe al'amarin. Ta ce wannan ba shara ba ce, aiki ne aka yi masa. Duwatsu uku, icce, ashana, kananzir, ko yaro ya san saƙon: za a ƙone shagon. Matar Okabe ta fara kwana da bokitin ruwa a gefen gado. Okabe kuwa, mutumin da ya yi shekara ashirin a teku, ya ce sai ya ga mai wannan aiki da idonsa. Ya jawo wata tsohuwar gangar kifi lungun, ya huda ta, ya shiga ya rufe kansa. Yini biyu yana ciki cikin zafin Abijan, ba wanda ya zo, don a kwanakin Kawu na ɗaki yana tunani.

Tunanin da ya yi kuwa shi ne, wataƙila mutanen nan ba su iya kunna wuta ba ne sam. Sun daɗe a kan ruwa, abin ya ɓace musu. A garinmu gidan da wutarsa ta mutu ba ashana ake kai masa ba, garwashi ake ɗebowa daga maƙwabta a cikin fasasshen kasko. Saboda haka rana ta uku ya je wurin wani mai tsire Ba'adare, ya ɗebo garwashi jawur a fasasshen kasko, ya rufe da toka, ya bi lungu yana tafe yana hurawa. Ya durƙusa gaban duwatsun, ya jera icce, ya yayyafa kananzir. Yana cikin hurawa murfin ganga ya tashi, Okabe ya fito yana warin kifin bara, maƙwabciya ta ƙwala ihu, matar ta sheƙa musu ruwa su biyun.

Kafin ka ce me, lungu ya cika, ga ɗan sanda riƙe da wuyan rigar Kawu. Aka aika a kira Munkaila ya yi tafinta. Okabe na tsaye ruwa na ɗiga daga furfurarsa, yana kallon mutumin da ya mayar masa da wuƙa, ya kasa haɗa wannan da wancan. Ɗan sanda ya ce a tambaye shi me ya kawo shi nan da wuta.

Kawu ya dubi taron. Ga maƙwabta, ga masu dako, ga ma'aikatan jirgi da ke cin abinci a shagon. In ya faɗi gaskiya, kowa a unguwar zai san gidan Okabe ba a ɗora tukunya, kuma dattijon zai san wanda ya gano shi.

"Hwaɗa mishi ƙonawa za ni yi," ya ce wa Munkaila.

"Taubashi, kaso hwa za su kai ka."

"Su kai ni. Hwaɗa mishi hakanan."

Ni Rabilu da nake ba da labarin nan na sha jin mutane na dariya in an zo nan, kuma har yau abin na ba ni haushi. Mutum ne mai mata da 'ya'ya biyar, ga gona na jiransa, a garin da bai san kowa ba sai taubashi mai surutu, ya zaɓi kaso, wato kurkuku, a kan ya kunyata wanda ya ciyar da shi ɗanyen kifi sau ɗaya. Wauta ce, na yarda. Amma masu dariyar ban ga wanda zai iya rabinta ba.

Munkaila, Allah ya jiƙansa, ranar ce kaɗai surutunsa ya yi rana. Ya ja Okabe da ɗan sanda gefe ya shiga zuba Faransanci. Ya ba su labarin tudun bayan masallaci, da azumin nafila, da dami bisa danga, har da Chindo. Ya ce mutumin nan ya ɗauka yunwa kuke yi, kuma in ya san kun san shi ke kawowa, ya gama lalacewa. Ɗan sanda ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Okabe bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon duwatsun nan uku, sannan ya gyara ɗaurin kansa ya ce a gaya wa kowa shi ya aiki mai kurarsa ya kawo masa wuta, ya manta ne saboda zafin ganga. Iccen kuwa da sauran kaya, bai san mai kawowa ba.

Aka saki Kawu. Munkaila ya gaya masa dattijon ya yafe, ya ma rufa masa asiri gaban hukuma.

Washegari da hantsi, Kawu na turo kura daga nesa ya ga hayaƙi na tashi daga bayan shagon, baƙi ƙirin, irin na katakon da ya sha ruwan gishiri da fenti. Ya tsayar da kura a tsakiyar titi, motoci na ta yi masa oda, ya yi hamdala. Ranar Juma'a aka sake gayyatarsa cin abincin rana, shi da Munkaila. Aka kawo kan kifi gasasshe, rabi ya ƙone, da tuwon masara da matar ta tuƙa bisa kwatancen Munkaila, wanda in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Kawu ya cinye tas, bai rage ko loma ba. Okabe ya sa a gaya masa cewa wani bawan Allah na ajiye musu icce a ɓoye, ko ya taɓa ganinsa? Kawu ya ce shi bai ga kowa ba, garin da yawa.

Haka aka yi wata huɗu. Kullum bayan azahar dami na sauka a lungu, kullum da hantsi Okabe na duƙe gaban duwatsu uku yana hura wutar da ba abin da zai dafa da ita, hayaƙi na shiga shago, masu cin sushi na tari suna tambayar ko lafiya. Maƙwabciya ta yi ƙorafi har ta gaji. Da bazara ta gabato Kawu ya mayar da kura ya hau mota zuwa gida. Shekarar da ta biyo baya ita ce ta babban fari, bai sake fita cin rani ba, don aikin tudu ya ishe shi. Na gan shi a wannan shekarar yana jefa rabin abin da ke rumbunsa bisa dangar mutane, matarsa Tsahara na kallonsa.

Labarin Abijan kuwa ya riƙe shi shekaru. Sai da ya ji jiragen Japanawa sun daina tsayawa, shagon ya rufe, sannan ya fara ba mu shi, shi ma ba ya faɗin sunan mutumin. Yakan ce akwai wata ƙasa can bayan teku da Allah ya jarrabe su da rashin icce, a riƙa sa su a addu'a. Munkaila ne ya ba ni sauran, bayan ya sa ni na rantse, kamar yadda shi ma aka sa shi.

A 1978 ina koyarwa a lakwal a Illela, wani abokin aikina ya zo da mujallar Faransa. A ciki na ga hoton manyan mutane da kwat, zaune gaban irin wannan allo, da 'yan dunƙulen shinkafa da kifi ɗanye a kai, an rubuta abinci ne na alfarma. Ƙuruciya da ɗan ilimi suka ɗebe ni. Na ce bai kamata dattijo ya mutu cikin duhu ba, na hau mota ranar kasuwa na tafi gida da mujallar a hammata.

Na same shi gindin bishiyar bedi yana gyaran igiyar guga. Na gaishe shi, na buɗe masa hoton, na yi bayani dalla-dalla kamar ina gaban allo. Ya karɓa ya duba, ya juya shi sama da ƙasa, ya miƙo mini.

"Rabilu, lakwal ta ba ka karatu. Na sani."

Na ce tun yaushe?

"Tun ranar da anka kama ni. Kalma ukku na ba Munkaila, shi ko ya yi rabin awa shina zuba, shina nuna sama, shina nuna cikinai, shina ɗora hannu bisa kai kamar mai ɗauke da dami. Ba ni jin Hwaransanci, amma ina da idanu."

Na ce to Kawu, mi ya sa ka ci gaba da kai icce har wata huɗu?

Ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya. Sannan ya ce kifin nan dai har gobe da an gasa shi da ya fi, wannan ba ya janyewa.

"Amma bawan Allah ga, kullum shina duƙe shina hura wutar da bai da bukata, idanunai jawur, don kar in ji kunya. In na bar kai icce, ya gane na gane, wahalatai ta tashi banza. Ni ina ɗauka, shi shina ƙonawa. Wa za ya hwara ajewa?"

Na tambaye shi ko sun taɓa yin maganar, ko da ranar rabuwa. Ya girgiza kai. Ya ce ranar da zai taho Okabe ya rako shi har bakin lungu, hannunsa duk baƙin gawayi, suka tsaya suna kallon juna.

"Ni ban ce komi ba, shi bai ce komi ba. Shekarata sittin da wani abu, ban taɓa yin aboki kamatai ba."